Sawun Sanyi a Kan Fata

Canjin farko da aka miƙo mini a filin jirgin sama na Narita takardar yen dubu ce, sabuwa fil, da hoton wani dattijo mai tabarau da gashin baki. Ɗan ƙanwata, wanda ya zo tarbata, ya leƙa ya ce, "Kawu, ka shigo da ƙafar dama, wannan ai likita ne." Kitasato Shibasaburo ke nan, almajirin Robert Koch a Berlin, wanda a 1889 ya fara ware ƙwayar cutar sarƙewar haƙora ya raine ta ita kaɗai. Tun watan Yulin 2024 fuskarsa take a kuɗin Japan. Amma abin da ya fi burge yaron nawa a tarihin mutumin wani ne daban. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse ma'aunan zafin jiki da ake shigo da su daga Jamus, sai Kitasato da wasu likitoci suka kafa kamfani a 1921 don a riƙa ƙera su a gida. Kamfanin shi ne Terumo, kuma yau yana cikin manyan masu yin kanula da injin tura ruwa a jijiya. Wato a ƙasar nan ma'aunin zafi da allurar ƙarin ruwa gidansu ɗaya tun tuni, ko da yake sai a 'yan shekarun nan aka fara tunanin haɗa su aiki.

Abin da aka aiko ni in gano ke nan. Yaron nas ne. Ya yi aiki a ɗakin yara na wani asibiti a gida kafin ya samu tallafin karatu na gwamnatin Japan. Uwarsa ta gaji da tambayar maƙwabta, domin iyakar abin da take iya faɗa shi ne wai yana karantar zafin fata. "Yaya, in ka je ka duba mana, karatu yake ko wasa." Na taso daga Abuja ta Addis Ababa, jirgin ya yada zango a Incheon ta Koriya ta Kudu, na sauka a ƙarshen Nuwamba da ƙafafu a kumbure, ga iska mai sanyi tana neman kunne.

Mu mutane ne da muka yi imani da ƙarin ruwa. Maras lafiyan da aka sallama da ƙwayoyi gani yake an raina ciwonsa. Wanda aka rataya wa leda, shi ne aka duba. Sai dai idon kowa a kan ledar yake, ana kallon ɗigo, ana jira ta ƙare a kira nas. Wurin da allurar ta shiga, wanda filasta ta rufe, ba mai waiwayarsa, alhali a nan ɓarnar take faruwa. Kanula siririyar roba ce da ake bari a cikin jijiya bayan an zare ƙarfen allura. Maras lafiya ya juya, yaro ya fizge hannu, jijiyar tsoho ta yi rauni, sai bakin robar ya huda bangon jijiya ya fita, ruwan ya ci gaba da tsiyaya a cikin nama. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, jijiyar kanta ta harzuƙa saboda gugar roba, ko kaifin magani, ko ƙwayar cuta. Ta yi zafi, ta yi tauri, a taɓa ta mutum ya zabura. A 2015 Robert Helm da abokan aikinsa a Amurka suka tattara binciken da aka yi a kan lamarin, suka ga kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari na kanulolin da ake sawa suna lalacewa kafin su gama aikin da aka sa su dominsa, har a manyan asibitoci masu ƙwararrun ma'aikata.

A cikin jirgin ƙasan da ya kwaso mu zuwa birni yaron ya ci gaba da karanta mini, ni kuma barci na fizgata. Idan ruwan gishiri ne zalla ya zuba a nama, da sauƙi: hannu ya kumbura, a ɗaga shi a kan matashi, ya saɓe. Amma akwai magungunan da in suka bar jijiya, cin nama suke yi. Akwai doxorubicin, jan maganin ciwon daji, da vincristine. Akwai kalsiyam da fotashiyam da ruwan sukari mai kauri, da noradrenaline da ake ɗaga hawan jinin wanda ya galabaita da shi. Waɗannan suna iya ta da bororo, su zama gyambo, har a kai ga dashen fata. Kuma kowanne da yadda ake tarbarsa: doxorubicin sanyi ake ɗora masa, vincristine ɗumi. Maganin da ke karya dafin doxorubicin, wato dexrazoxane, dole a fara shi cikin awa shida da zubar. Saboda haka duk maganar ta lokaci ce. Na ce to ina amfanin injin tura ruwan nan mai ƙararrawa? Ya ce, "Injin ba ya ihu sai ya ji hanya ta toshe, Kawu. Nama kuwa ba ya toshewa da wuri, karɓa yake ta yi."

Da na huce gajiya muka nufi Hongo, inda babbar harabar Jami'ar Tokyo take. Bishiyoyin ginko sun koma ruwan ɗorawa, ganye ya rufe hanya, ga kuma warin 'ya'yansu da aka tattake, wanda masu ɗaukar hoto ba sa ba da labarinsa. A bakin titi ga Akamon, jar ƙofar katako da aka gina a 1827, lokacin da sarkin Kaga na gidan Maeda ya auri 'yar shogun, jagoran sojan da ke riƙe da ƙasar a zamanin. Filin jami'ar nan a da gidan sarakunan Kaga ne a birnin Edo, tsohon sunan Tokyo. Garinsu na asali kuma Kanazawa, can gaɓar tekun yamma, inda yaron ya ce za mu ƙarasa. Tun 2021 aka hana bi ta ƙarƙashin ƙofar don gudun abin da girgizar ƙasa za ta iya yi mata. Tsayawa muka yi muka kalla, muka shiga ta wata.

A sashen jinya na wannan jami'a ne Farfesa Hiromi Sanada, wadda ta yi suna a kan gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa, ta shekara da shekaru tana jagorantar masu bincike, cikinsu har da Ryoko Murayama, wadda ta mai da hankali a kan kanula. Ba mamaki Japan ta damu da wannan: kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce, jijiyar tsoho kuwa ba ta da juriya. Sun fara da leƙa ƙarƙashin fata da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai ciki da ita, su ga inda bakin kanula ya tsaya da ko nama ya jiƙe. Daga nan suka ɗauko kyamarar da ke ganin zafi. Hujjarsu mai sauƙi ce har mutum ya ji haushin bai riga su ba. Ledar da ke rataye a ɗaki mai na'urar sanyaya iska zafinta bai fi digiri 24 ko 25 ba. Jini yana kan 37, fatar sangalin hannu kuma tana tsakanin 32 da 34. Ruwan da ke shiga jijiya ya fi jiki sanyi ke nan, kuma yana sanyaya fatar da ke samansa. In yana bin jijiya, kyamara za ta nuna siririn layin sanyi ya miƙe zuwa gwiwar hannu, yana dusashewa a hankali yayin da jini ke ɗumama shi. In ya fita daga jijiya, babu jinin da zai tafi da shi, sai sanyin ya taru a bakin huda ya bazu. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san wannan: magudana in tana lafiya danshi layi ɗaya yake bi, in ta fashe sai ka ga ƙasa ta yi duhu a wuri guda tana faɗaɗa.

Matsalar kyamara ita ce ba ta kwana a gindin gado. Tana da tsada, sai an riƙe ta, kuma bargo ko hannun riga ya isa ya makantar da ita. Shi ya sa tunani ya koma kan abin da za a liƙa a fata a bar shi. Na farko wata 'yar leda ce mai ɗauke da sinadarin da ke sauya launi da sauyin zafi, dangin abin da Friedrich Reinitzer ya gano a birnin Prague a 1888. Mutanen Sanada sun gwada ta a kan masu karɓar maganin ciwon daji, suka wallafa sakamakon a 2020. Ba ta son batir, amma sai ido ya zo ya kalle ta. Na biyu shi ne ma'auni mai lantarki wanda zai aika da saƙo da kansa. A wannan harabar dai, ɓangaren injiniyoyi, ɗakin binciken Farfesa Takao Someya ya fitar a 2015 da ma'aunan zafi da ake jerawa a kan leda mai laushi, tana lanƙwasa tare da fata. Ba don ƙarin ruwa aka yi su ba, amma sun nuna abin zai yiwu.

Gani ya kori ji. A makarantar jinyar da yaron ke karatu, bayan mun tuɓe takalma mun zura silifa, ya kai ni wani ɗaki inda hannun roba ke kwance a kan tebur, daga kafaɗa zuwa yatsu. A cikinsa akwai siraran bututu a madadin jijiya, ana zagaya ruwan ɗumi a ciki don fatar robar ta yi zafin fatar mutum. Ya sa kanula da saurin wanda ya saba, ya rufe da filasta mai garai-garai wadda ake hango ƙarƙashinta, sannan ya ɗauko abin da ya baro gida dominsa. Ban ga abin a-zo-a-gani ba. Wani ɗan ƙyalle ne na roba, an jera masa ƙananan ma'aunai, kowanne bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba: wasu sun yi layi a kan hanyar jijiya, wasu sun kewaye bakin huda, ɗaya can gefe inda ruwa ba zai kai ba, ɗaya kuma yana fuskantar iskar ɗaki. Su ɗaliban ne suka harhaɗa shi. Ya buɗe ruwa. A allon kwamfuta ɗigogin da ke kan layi suka fara yin shuɗi ɗaya bayan ɗaya, daga wuyan hannu zuwa sama, na gefe suna nan yadda suke. Ya bar ni na ƙoshi da kallo, sai ya ɗan tura kanular har bakinta ya fita daga bututun. Ɗigon ruwa a leda bai sauya ba, hannun bai nuna komai ba. Amma a allo layin ya fara komawa launinsa na da, waɗanda suka kewaye huda kuma suka yi shuɗi gaba ɗaya. Can sai kwamfutar ta yi ƙara. Na kai yatsa na taɓa wurin, ban ji bambancin komai ba.

Na tambaye shi amfanin na can gefe da mai fuskantar iska. Ya ce su ne rabin aikin. Na'urar ba ta san ciwo ba, bambanci kawai ta sani. In zazzaɓi ya taso, ko aka ja bargo, ko aka buɗe taga, duk fatar za ta sauya tare. Abin nema shi ne wurin da ya sauya shi kaɗai ya bar maƙwabtansa. Sannan sanyi da zafi ba magana ɗaya suke faɗa ba, ba kuma agogo ɗaya suke bi ba. Sanyi a bakin huda na nufin ruwa ya ɓace hanya, kuma cikin mintuna yake bayyana. Zafi a kan layin jijiya na nufin jijiyar ta harzuƙa, shi kuwa a hankali yake tahowa, cikin awoyi ko kwanaki, wani lokaci ma bayan an cire kanular. Tun ƙarni na farko marubucin Rum, Celsus, ya lissafa alamomin kumburi huɗu: ja, tashi, zafi da raɗaɗi. Na ukun ne aka ba na'ura ta riƙa gadi. Wannan gadin ya ƙara muhimmanci tun da Claire Rickard da abokan aikinta a Ostireliya suka wallafa gwajinsu a 2012: majinyata 3,283, wasu ana sauya musu kanula duk bayan kwana uku, wasu sai in ta nuna alamar matsala, kuma harzuƙar jijiya ta zo daidai a ɓangarorin biyu, kashi 7 cikin ɗari. Asibitoci da yawa sun daina cire lafiyayyar kanula don kalanda ta ce a cire. An rage wa mutane huda, amma an ɗora nauyin a kan mai dubawa.

Malamarsa ta leƙo, muka yi ta sunkuya wa juna har na rasa wanda ya kamata ya fara dainawa. Ta bakin yaron ta jaddada mini cewa kada in koma gida in ce an gama. Mafi yawan irin waɗannan ma'aunai na zafi suna matakin gwaji, kuma hannun roba ba ya gumi, ba ya sosa wurin, ba shi da kitse mai ɓoye jijiya.

Bayan mun sallaci Juma'a a babban masallacin Tokyo na unguwar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa da aka sabunta a 2000, muka kama jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Kanazawa. Tun Maris 2015 layin ya isa can, tafiyar kimanin awa biyu da rabi, babban sashenta a cikin ramukan duwatsu. Muka bar rana a Tokyo muka fito cikin ruwan sama. Garin ya shahara da ruwa, ya kuma shahara da zinariya: kusan duk ganyen zinariyar da ake liƙe-liƙe da shi a Japan a nan ake buga shi, har a kan askirim suke shimfiɗa shi su sayar wa baƙi. Ban saya ba. A lambun Kenrokuen na sarakunan Maeda an riga an kafa wa itatuwa dogayen sanduna, igiyoyi sun sauko daga ƙololuwa sun riƙe kowane reshe, don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya shi. Tun farkon Nuwamba suke fara wannan ɗauri, kafin ƙanƙarar ta nuna alamar zuwa.

Abin da ya kai mu dai yana Uchinada, wani gari a kan tudun yashi a bakin teku, 'yar tafiya kaɗan a ƙaramin jirgin ƙasa. Girgizar ƙasar Noto ta ranar 1 ga Janairu 2024 ta taɓa shi sosai. Ƙasa ta narke ta zama taɓo a wasu unguwanni, mun ga gidaje a karkace da sandunan lantarki a jingine. A saman tudun ne Jami'ar Likitanci ta Kanazawa take. Yaron ya tsaya yana kallon ginin kamar wanda ya zo ziyara, domin daga nan binciken da ya sa shi a wannan hanya ya fito. Yuko Matsui da abokan aikinta, tare da mutanen Tokyo (ita Sanada ma a Kanazawa ta koyar kafin ta koma can), sun ɗauki hoton zafin hannun majinyata 257 masu karɓar maganin ciwon daji, suka wallafa a 2017. A cikinsu 26 ne magani ya zuba musu a nama. Fasalin sanyin da ya bazu a bakin huda, wanda suka kira fasalin mafici, ya kama 22 daga cikin 26. Huɗu sun kuɓuce masa. Ya kuma nuna matsala a hannu 12 da ba abin da ya same su.

Waɗannan 12 ɗin ne suka tsaya mini a rai, ko da yake yaron 22 ɗin yake ta nanatawa. Ƙararrawa 34, kusan ɗaya cikin uku ta banza. A ɗakin bincike wannan sakamako ne mai kyau, ban musa ba. Amma na san halin ɗan Adam da ƙararrawar da ta cika ƙarya: rana ta farko a ruga, mako na biyu a tafi a hankali, wata na uku a kashe ta daga nesa. Na'urar da za ta kwana a hannun mutum tana karatu kowane minti za ta sami damar yin ƙarya fiye da kyamarar da aka ɗauki hoto da ita aka ajiye.

Ruwa ya kore mu cikin wani ɗan shagon shayi kusa da tasha, a nan ne ya faɗa mini abin da bai faɗa wa uwarsa ba. Wani dare a ɗakin yaran da ya yi aiki, gadaje cike, ma'aikata biyu kacal, aka sa wa wani jariri ruwa a ƙafa aka naɗe da bandeji don kada ya fizge. Jaririn ya yi ta kuka, kowa ya ɗauka kukan ciwon da ya kawo shi ne. Da asuba aka kwance, ƙafar ta yi suntum. "Kawu, takardar da aka koya mana dubawa da ita ja take tambaya. Ka taɓa ganin ja a ƙafar jaririnmu da fitilar waya?" Takardar da yake nufi ita ce ma'aunin da wani nas ɗan Ingila, Andrew Jackson na asibitin Rotherham, ya fitar a 1998, mai maki daga sifiri zuwa biyar. Ɗan ja ko ɗan ciwo maki ɗaya, a sa ido. In aka sami biyu daga cikin ja da ciwo da kumburi, maki biyu, a cire kanula. Takarda ce mai amfani, ta ceci hannuwa da yawa. Sai dai a matakin farko rabin tambayoyinta launi ne, kuma a baƙar fata ja ba ya fitowa sai abu ya yi nisa, in ma ya fito duhu-duhu yake yi. Saura ciwo, jariri kuwa da wanda ya suma ba sa cewa ga inda ke yi musu.

A nan na fahimci abin da ya ja shi ga zafi. Na'urorin da ke aiki da haske sukan yi tuntuɓe a kan launin fata. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna a 2020 cewa 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini tana ɓoye ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Akwai na'urar gadin kanula da ta riga ta shiga kasuwa a Amurka, ta kamfanin ivWatch na jihar Virginia, ita ma da haske take leƙa nama; wasu kuma suna gwada auna miƙewar fata, ko yadda lantarki ke ratsa naman da ya jiƙe. Duk mai aiki da haske dole a gwada ta a kan fata iri-iri kafin a sakankance. Zafi ba ruwansa da wannan: baƙar fata da fara daidai suke fitar da shi, ma'aunin da ke manne da jiki kuma bai san launi ba.

Sai na yi masa tambayar da ta kashe masa shayi. Na ce, ɗana, duk dabarar nan a kan cewa ruwan leda ya fi jiki sanyi ta tsaya. To a Kano fa, a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ɗakin majinyata ba na'urar sanyi, fanka ma sai an kawo wuta? A Sakkwato fa, ko Maiduguri, ko Damagaram? Ledar da ta wuni a rataye a irin wannan ɗaki ai ta kusa zafin jiki, fatar kanta ta ɗumama. Ina sanyin da za a bi sawunsa? Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ce tambayar da ke hana shi barci, kuma tana da ƙanne. Bakwainin da ke cikin kwalba ɗumi ne ya kewaye shi, ruwan da ake ba shi kuma 'yan mililita ne a awa, kafin ya ratsa bututu ya riga ya ɗumama. Jinin da aka ɗumama kafin a ƙara wa mutum ba ya barin sawu. Gam ɗin da ke riƙe ma'aunin yana iya ɗaye fatar bakwaini ko ta tsoho tukuf, su ne kuwa suka fi bukatarsa. Abin da aka ƙirƙira a ɗaki mai digiri 24, in ji shi, da ɗakin yake aiki, ko da masu ƙirƙirar ba su rubuta haka ba.

Ni a ganina akwai wani abu da muke da shi wanda ba a lissafa ba. A asibitocin Japan ba a saba barin dangi su kwana a gindin gadon babban mutum ba. Mu kuwa kowane gado da mai jinyarsa, uwa ko ƙanwa ko kishiya, a kan tabarma, idonta biyu har asuba. Asibitin yara na Cincinnati a Amurka ya daɗe da koya wa ma'aikatansa abu uku a kowace awa: a taɓa wurin, a duba shi, a kwatanta shi da ɗaya hannun, kuma suna jawo iyaye cikin aikin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, balle idon uwa a kan ƙafar ɗanta. Ba wanda ya taɓa ce wa mai jinyarmu ta daina kallon leda ta kalli hannu. Yaron bai ƙi ba, amma bai bar ni na ci bulus ba. Ya ce bandejin da muke naɗewa da shi ya rufe wurin ruf, filasta mai garai-garai kuma kuɗi ce da ba kowa ke iya saya ba. Ya ce kuma matar da ta tashi nas da ƙarfe uku na dare aka daka mata tsawa ba za ta sake tashinta ba, ko ƙafar ta kai girman me. Ƙararrawar kwamfuta aƙalla ba ta jin kunya. Muka bar maganar a nan, kowa da rabin gaskiyarsa.

A hanyar komawa tasha, ƙarƙashin lema ɗaya, na tambaye shi abin da zan gaya wa uwarsa. Ya ce in ce mata karatu yake. Malamarsa ta yarda ya sa hannun robar a cikin akwatin ɗumama kaya, ya riƙa ɗaga zafin iska digiri bayan digiri har ya ga inda layin shuɗin zai ɓace. Amma kafin nan yana bukatar sanin ainihin zafin da ledar ruwa take kaiwa a ɗakin majinyata na gida, ba na zato ba. "In na zo hutu da bazara zan nemi izini in rataya leda a ɗakin yara, in auna ta kowace awa daga hantsi zuwa bayan isha'i, in auna fatar yaran ma idan iyayensu sun yarda. Ka ce wa Umma kada ta ba kowa ɗakina."